Latsau da Shirun da Ya Zama A'a

Bango ɗaya ya raba shagon waldata da ɗakin maƙwabcina Latsau. Ni ina tsugune tartsatsi na huda mini riga, shi yana kan kujera mai juyawa yana latsa kwamfuta da wasu yatsu masu laushi kamar na jariri. Ni na sa masa sunan, har matarsa ta ɗauka.

Ubansa mai gyaran agogo ne, a wurinsa ya gaji runtse ido ɗaya idan abu ya dame shi. Latsau ya shigo gidan nan da katifa a naɗe da jaka guda. Yau yana da firji mai ƙofa biyu. Matata kullum sai ta ce, "Ka ga maƙwabci, rigarsa fes." Na ce mata ina riga za ta yi datti, mai ita ba ya taɓa komai sai maɓalli?

Wani kamfanin motocin safa yake yi wa aiki. Fasinja ya sayi tikiti a waya, sai manhajar Latsau ta kwashe bayanansa ta mayar da su wani rubutu da ake kira XML, ta aika wa kwamfutar tasha. Na taɓa leƙawa. Kowace magana an datse ta gaba da baya da wasu alamomin baka masu tsini. Wai a kan wannan ake biyan mutum.

Ranar nan da hantsi na gan shi a ƙofar gida ba takalmi, ido ɗaya a runtse. Nan take na kashe inji.

"Latsau, lafiya? Kujerar ce ta gaji da kai?"

"Yaya, bar ni. Aikina ne ke rawa."

Ashe wata tsohuwa ce da ba ta iya tafiya ta iso tasha, ba a tanadi keken guragu ba, sai da direba ya goya ta. Ɗanta ya je ofis ya tara musu jama'a. Manaja ya ce ko Latsau ya gyara kafin ƙarshen mako, ko a ba wani aikin.

"To kai ina ruwanka da keke?" na tambaye shi.

"Wurin sayen tikiti akwai tambaya, ko fasinja yana buƙatar keke. Yana iya cewa e, yana iya cewa a'a, yana iya tsallakewa. Ɗan tsohuwar tsallakewa ya yi. Ni kuma akwatin da na tanada amsa biyu kaɗai yake ɗauka. Da ya ga ba a ce komai ba, sai ya rubuta a'a."

"Wato ka sa wa tsohuwar mutane magana a baki. Kai da duk karatun nan!"

"Na gyara nawa ai. Na sauya akwatin ya karɓi babu-amsa, na ce idan babu amsa kar a rubuta layin keken sam. Sai kwamfutar tasha ta ga babu layi, ita ma ta cika da a'a."

Na yi dariya har na zauna a kan tukunyar gas. Na ce, "Kar ka damu, ƙanena. Idan sun sallame ka ina da gurbi, za ka riƙe mini ƙarfe." Na shiga na nemo tsohon tabarau na walda, na goge shi, na rataye masa a ƙofa. Matata ta ce ba ni da tausayi. Na ce ai tausayin ke nan, aiki nake ba shi.

A makon nan ba rediyo na saurara ba, bango na saurara. Yana ta waya da matar da ke kula da kwamfutar tasha. "Ranki ya daɗe, ki saurare ni. Wanda bai amsa ba, bai ce a'a ba." Ita tana cewa nata na aiki lafiya tun kafin a ɗauke shi, kar ya taɓa mata. Sau biyu ta kashe masa waya. Ni kuwa har na share masa wurin tsugunawa kusa da injin.

Daga ƙarshe suka daidaita. Latsau zai riƙa rubuta layin, amma da alamar da ke cewa da gangan aka bar shi wayam. Kwamfutar tasha idan ta ga alamar, sai ta sa ma'aikaci ya kira fasinja ya tambaya da baki. Suna fara kira suka samu wasu da ke buƙatar keken ba su faɗa ba. Manaja ya ji daɗi, ya haɗa masa da aikin sauran tashoshi.

Jiya ya shigo shagona da babban kwali, yana murmushi da ido biyu a buɗe.

"Yaya, na'urar sanyaya ɗaki na sayo. Ka yi mini kejin da za ta zauna a waje."

Na yi masa, mai kyau kuwa, don ba na wasa da sana'ata. Wuri ɗaya ne ya dace a bangon, daidai saitin ƙofata. Tun safe take hura mini zafin ɗakinsa a ƙeya.