Abin da Ya Faru a 1865 da Goron Ɗana

Lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu na yi a Nijar, na fita. Tarihin da na sani a ajin Asabar na koya, nan East Greensboro ta Amurka, lokacin da nake neman takardar zama ɗan ƙasa. Wata dattijuwa baƙar fata ke koya mana. Ita ta gaya mana abin da ya faru daga Afrilu zuwa Mayu na 1865: yaƙin basasa ya ƙare, aka harbe shugaban ƙasa, sojojin masu bayi suka ajiye bindiga a cikin garin nan. Na riƙe shi don jarrabawa kawai.

Bayan shekaru ɗana ya ga 'yar wani Alhaji, mutumin garinmu, wanda muke loda kujeru tare a sito ɗaya. Na kai goro gidansa a Gate City Boulevard. Ya karɓa da fara'a, sai ya buga waya gida a binciki asalinmu, yadda aka saba. Aka ce masa kakan babana sayensa aka yi.

Ranar Juma'a, a wajen ajiye motoci na masallaci, ya miƙo mini goron a leda.

"Malam, ka yi haƙuri. Gidanmu ba ma haɗa jini da bayi."

Na ce, "Alhaji, ka san inda kake tsaye? A garin nan masu bayi na gaske, masu igwa da dawakai, suka ajiye bindiga tun 1865. Kai da wace bindigar za ka ci gaba?"

"Wannan tarihin Nasara ne."

"To, shi manajan sito, in ya daka tsawa, ɗa yake kira ko bawa? Ni dai tare na ga muna gudu."

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ban tafi da ledar ba, na ɗora masa a kan mota na wuce. Ya aiko da ita, na mayar. Yarinyar kuwa a nan aka haife ta, ta ce wa uwarta ko ɗana ko babu. Daga ƙarshe goron ya zauna, aka ɗaura aure.

Har yau ba ya gaishe ni da kyau, ni ma ban nema ba. Ranar sunan jikanmu dai na ga ya rungume jaririn ya ƙi ba kowa. Na matsa kusa na ce, "Alhaji, wannan ɗa ne ko bawa?"

Ya ce, "Rufe mini baki, za ka tashe shi."