Ranar da Na Kusa Zare Saba Mai Rai

Har gobe ban manta da wata Talata a wani asibitin kuɗi da ke Wuse ba. Lokacin ina bugun ƙirji cewa daga Kwali har Karmo ba a haifi wanda ya san rumbun bayanai kamar ni ba. Ko atishawa saba ta yi ina gida, sai na ji a jikina.

Saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya: kati, sakamakon gwaji, maganin da likita ya rubuta. Guda biyu na haɗa musu. Ta farko na aiki, ta biyu na kwafe komai nan take. Ta farko na faɗuwa, ta biyu za ta karɓa da kanta, a turo mini saƙo a waya.

Ran nan shugaban asibitin ya ce sai ya gani da idonsa. Ƙarfe goma na safe, layin masu jiran magani har bakin ƙofa. Na naɗe hannun riga, na ce, "Oga, kalli nan." Na zare fulogin ta farko. Ko ƙiftawa kwamfutocin asibitin ba su yi ba. Aka yi tafi.

Kai ya kumbura. Na mayar da fulogin, na ce yanzu ta biyu zan zare, a ga aikin ya koma gida. Hannuna na kan fulogin ta biyu sai Madam Rifkatu, mai kula da kwamfutocinsu, ta riƙe ni.

"Malam Bala, tsaya tukuna. Duba allon nan."

Na duba. Ashe faifan ajiyar bayanan ta farko ya mutu tun mako uku da suka wuce, fitila da fanka kawai ke yaudarata. Ta biyu ce ke ɗauke da asibitin ita kaɗai. Saƙon kuwa yana ta zuwa tsohon layina da ya ɓace tare da wayata a tasi. Da na zare, da likitoci sun koma tambayar marasa lafiya wane magani aka ba su jiya.

Amma ku lura: mako uku, ko kati ɗaya bai ɓace ba. Aikin hannuna ne. Tun daga ranar, saƙon gargaɗi mutum uku yake zuwa wa, kuma ba na taɓa fulogi sai na karanta allo.

Na soma yi wa Oga wannan bayanin ina gyara hula, Madam ta katse ni.

"Injin ya yi ƙoƙari, Oga. Shi dai Malam mako uku yana goge wa gawa ƙura."