Itacen Ngolo a Bakin Iyaka

"Yau ma tsohon nan ya zo?"

"Ga shi can ƙarƙashin mangwaro. Ko mata ce aka kama masa ai da ya haƙura."

Ngolo Kulibali yana jin masu sayar da doya na bakin shingen iyaka, bai ɗago ba. Shekara arba'in yana sassaƙa balafo, abin kiɗan nan na katako da ƙoƙuna da Sanufawa ke raka mamaci da shi. Garinsu na ɓangaren Burkina, kurmin kakanninsa kuwa iyaka ta jefa shi Mali. Can yake samo bishiyar madobiya da yake sassaƙawa, kuma bai taɓa sare ɗanya ba. Sai wadda ta mutu a tsaye, ta sha rana shekaru. Ya ƙwanƙwasa, in ta amsa ya ɗauka. Haka Zana, wanda ya koya masa sana'ar, ya hore shi.

Zana ne ya rasu. Saura mako uku a yi babban bikin mutuwarsa, kuma dole almajirin hannunsa ya kawo sabon balafo. Yanka ashirin da ɗaya na madobiya Ngolo ya ɗauro a keke, ma'aikatan daji suka sauke su a shinge.

"Baba, ba ni na hana ba," in ji jami'in, wani ɗan zuri'ar Watara, abokan wasan Kulibalawa. "Ƙasashen duniya suka zauna, suka sa madobiya cikin itatuwan da ba sa tsallake iyaka sai da takarda. Manyan motoci sun cinye dazuka."

"Kai bawana, ka ga mota a nan? Keke ne. Kuma mushe na ɗauko."

"Takardar ba ta da gurbin mushe, maciyin wake."

Ngolo ya je ofishin lardi, aka ce babban birni. Babban birni suka ce an dakatar da bayarwa, sai kwamiti ya zauna a birnin Janiba, can ƙasar waje. Ya tambayi sunan mutum ɗaya da zai je ya gaisar, aka yi dariya.

Har yau itacen na zube a fili bayan ofishin shingen. Ngolo ya san in ya jiƙa, muryarsa ta tafi ke nan. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro. Ya miƙe, ya nufi jami'in, ya cire hula, bai yi wasan ba wannan karon.

"Watara, na ji, naku ne. Amma don Allah ka buɗe min in shigar da shi rumfa kafin ruwa ya sauko."