Wa Zai Sa Mana Ido Bayan Hajiya Barira?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Maris 2023, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Barira Nomau a bisa hanyar kai ta likita Zinder. 'Yar kasuwar man gyaɗa ce, konseye a majalisar garinmu Kwarin Tsamiya, kuma shugabar komiten da ke sa ido kan aikin 'yan sanda. Ni Ajidan Sallau, shugaban 'yan sandan garin, ni ne wanda take sa wa idon.

Hajiya, tun da muka dawo daga maƙabarta zama ya gagare ni. In shiga biro, wato ofishinmu, in fito, in tsaya ƙarƙashin itacen bedin da ke ƙofa, in sake komawa. Abokan aiki sun ce in huta. Ta yaya? Na saba duk ranar kasuwa in ji ƙarar sandarki a kan dakali kafin sallamarki. Mutane za su yi mamakin ɗan sanda na kukan wadda ta hana shi sakat. To, su yi.

Ranar da na kama aiki a garin nan, ba ki ma bari na ajiye jaka ba. Kika ce, "Sannu da zuwa, Ajidan. Buɗe mini kaso in ga waɗanda ke ciki."

Na ce, "Hajiya, ai sai a bari in sha ruwa."

Kika ce, "Su sun sha?"

Na buɗe. A ciki akwai wani manomi, Sha'ibu, da aka tsare kan rigimar iyakar gona. Ya kamata a ce an kai shi gaban alƙali a Zinder tuntuni, amma motarmu ta mutu, ba a kuma aiko da kuɗin gyara ba. Ba ki yi faɗa ba. Kika sa aka sauke jarkokin mai daga motar kasuwancinki, kika zaunar da Sha'ibu da ɗan sanda guda a baya, ke kuma a gaba. Alƙali ya saurare shi, ya sake shi a ranar. Ya iske damina ba ta wuce shi ba, ya yi shuka.

Haka muka zauna shekaru. Kin kai ƙarar wani yarona da ke karɓar na goro hannun 'yan kabu-kabu, har aka ɗauke shi daga garin. Ke ce kuma kika tsaya gaban taron matasa da suka zo da duwatsu suna neman a miƙo musu wanda ake zargi da satar babur. Kika kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayen uwayensu mata, har kunya ta sauke hannuwansu. Ban taɓa sanin wane gefe za ki tsaya ba idan kin shigo. Daga baya na gane gefe ɗaya ne kullum, mu ne muke sauyawa.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Aka rage mana mai, aka rage mutane. Wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa. Motar likitar garin ma ta tsaya. Ke kika kawo shawarar da kowa ya yi wa dariya da farko: garinmu da maƙwabtanmu biyu su haɗa abin da ya rage musu, a gyara mota guda mai ƙarfi, ta yi wa 'yan sanda aiki, ta yi wa marasa lafiya, tana zagaya garuruwan uku bi da bi. Garuruwan da ko ranar kasuwa ba su taɓa yarda da juna a kai ba! Kika yi ta sintiri tsakanin magadan gari da masu unguwanni, kina rarrashi, kina gori, har suka sa hannu. Sharaɗi ɗaya kika kafe a kai: mai naƙuda da mai jini a jiki suna gaba da kowa, ko wane gari ne, ko wane ne ke jira.

Abin da ya fi cin ranki shi ne rahoton ƙarshen bara. Alƙaluma suka nuna laifuffuka sun ragu sosai a yankinmu. Daga sama aka yaba mana, sannan aka ce tunda gari ya lafa, a rufe biron Kwarin Tsamiya, a haɗe mu da wani mai nisa. Ni da ke duk mun san gaskiya. Ba sata ce ta ragu ba, kai ƙara ne ya ragu. Wanda aka kore wa awaki ya san in ya zo ba mu da man bin sawu, sai ya bar wa Allah. An kwance faifan hasken rana na famfon ƙauye, mutane suka koma rijiya, ba wanda ya taka ƙofarmu. Ni na rubuta hakan na aika, amma bakin mai kaki yana da iyaka. Kika ce mini, "Kai ka faɗa a takarda, ni zan kawo masu bakin." Kika shiga ƙauye-ƙauye cikin zafin bazara, kina roƙon waɗanda aka yi wa sata su zo taron da za a yanke shawara, su faɗa da kansu. 'Yarki Hafsatu ta ce tun lokacin kike dafe ƙirji, kina hana ta gaya wa kowa.

Ranar Talatar nan kika faɗi a tsakar gida bayan kin karya. Motar tana garin maƙwabta. Na kira shofer ɗinmu Ɗan'azumi, ya ce ya ɗauko wata mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, sun kama hanyar Zinder, amma in na ce ya biyo ta wajenmu zai juyo. Biyowar za ta ƙara musu tafiya mai tsawo a kan hanyar rairayi. Ina tsaye a kanki da salula a kunne. Kika buɗe ido kika ce, "Wa ke ciki?"

Na gaya miki.

Kika ce, "Bar shi ya wuce, Ajidan. Kada ka soma."

Muka nemi motar haya. Kafin a samu, kafin a sa mata mai, rana ta ɗaga. Ba mu kai garin Gaffati da ke kan hanyar Zinder ba kika cika, kanki a cinyar Hafsatu, kalmar shahada a bakinki.

Matar ta rayu, ta haifi ɗa namiji. Na san ajali ba ya jiran mota, na kuma yi imani da ƙaddara. Duk da haka zuciya ba ta bar ni ba. In na ce kin yi daidai, sai in tambayi kaina me ya sa garuruwa uku za su zaɓi tsakanin rai da rai. In na ce da na saɓa miki, sai in tuna fuskar mijin matar da ya zo gaisuwa, ya durƙusa a ƙofar gidanki.

An yi taron jiya, bayan addu'ar bakwai. Na zaci ba wanda zai zo tunda babu ke. Sai ga amalanke, sai ga babura, sai ga tsofaffi a ƙafa, har farfajiyar meri, ofishin magajin gari, ta cika. Sha'ibu ne ya fara miƙewa. Bayansa makiyaya, da matan da aka fasa wa rumbu, kowa ya faɗi abin da aka ɗauke masa da dalilin da ya hana shi zuwa wurinmu. Baƙin da aka turo daga sama suka yi ta rubutu. A ƙarshe ba su ce an fasa rufewa ba, ba su ce za a rufe ba. Sun ce a dakata sai bayan damina, a sake duba alƙaluman. Abin da muka samu ke nan, Hajiya. Kujerarki a komite tana nan, kowa na kallon ɗan'uwansa. Ina roƙon mutanen Kwarin Tsamiya su zaɓi wanda zai takura mana kamar yadda kika yi, su kuma yi sauri. Mai riƙe da makullin kaso, kome kirkinsa, bai kamata a bar shi shi kaɗai ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hafsatu da ƙannenta, da jikoki, da dangin marigayi Nomau, da matan kasuwar mai, da jama'ar garuruwan uku. Allah Ya ba ku haƙurin da ni har yanzu nake nema.

Ya Allah, baiwarKa Barira ta zo gare Ka. Ta shayar da tsararru, Ka shayar da ita daga Alkausara. Ta buɗe ƙofar ƙunci ga bayinKa, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta ba wata mace hanya a ranar da ita ma take bukata, Ka sauƙaƙa mata ƙetare siraɗi. Ka gafarta kurakuranta, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.