Hedifon Mai Yoyo

Shekarun baya, in mutum yana jin waƙa, duk unguwa ke ji tare da shi. Yanzu jikokina kowa da abinsa toshe a kunne, sai ka yi sallama sau uku kafin a ɗago kai. Ni ma na taɓa neman irin wannan toshewar, Allah bai ba ni ba.

Lokacin farin nan ne da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ina Kumasi aka aiko mini cewa ƙannena sun tafi cin rani, an bar mahaifiyata ita kaɗai a ƙauyenmu, kusa da Gangara. Na dawo na tarar saniyarta ta ƙarshe ta mutu, ita kuma ta daina magana. Ba ciwo take ba. Kwanciya kawai take a tabarma, fuska ga bango. In na dama fura na ajiye, nan za ta yini har ƙuda su gaji. Kullum ina ganin wuyan hannunta yana ƙara sirancewa.

Na gaji, ba zan ɓoye ba. Jan ruwa a rijiyar da guga ke dawowa da laka, neman abin da awaki biyu za su ci, sannan in dawo gidan da babu mai ce mini sannu. Ina da 'yar rikoda ta aljihu da kaset ɗaya na kiɗan noma, wanda na ɗauka a wata gayya a garinmu tun ana damina ta kirki. Amma dattawa sun hana kiɗa har sai ruwa ya sauka, ana ta fita roƙo. Sai na ce bari in nemi abin sawa a kunne, in ji kayana ni kaɗai.

Ranar kasuwar Sabon Birni na sami wani mai kawo kaya daga Maraɗi. Su kaske suke ce masa, mu nan hedifon. Iri biyu gare shi. Akwai babba mai fata, bayansa a rufe ruf, irin wanda na gani a Abijan, in ka sa ko jaki ya yi kuka ba ka ji. Kuɗinsa kuwa sai na sayar da awakin nan biyu. Ɗayan marar nauyi ne, da soso, bayansa duk ƙananan ramuka kamar rariya.

Ya ce, "Alhaji, ɗauki wanga. Kunne na shan iska, ba ka zuhwa, kuma in an kira ka kana ji."

Na juya shi, na yi masa Faransanci don ya san ba baƙauye ya samu ba. Na gwada a tsakiyar hayaniyar kasuwa, sauti ya fito wasai, ganga kamar a fili take. Harshe biyar a bakina, amma ban yi tambaya ɗaya ba: in sautin waje na shiga ta ramukan nan, na ciki fa?

Washegari bayan azahar na ajiye mata fura, na zauna bakin rumfa na ba ta baya, na kunna. Ban yi nisa ba na ji murya a bayana, wadda na yi kwana ashirin ban ji ba.

"Kai, baƙo." Haka take kirana, don ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. "Mi ka kuka ga kanka awa sauro?"

Na ce, "Inna, yi haƙuri, za ni kashe shi."

"Wa ya ce ka kashe? Matso."

Na matsa. Na cire zan sa mata, ta ture hannuna. "Ni ba raƙumi ba ce da za a ɗaura min akala. Bar shi ga kanka, ka kawo kan."

Haka na kwantar da kaina kusa da nata, ni da furfurata ta fara fitowa. Ta kasa kunne, can ta ja tsaki.

"Wanga makaɗi rago na. Ubanai in ya buga, ko gurgu sai ya ɗau kalme ya shiga noma."

Daga nan ta shiga ba ni labarin gayyar da aka yi a gonar mahaifina shekarar da aka haife ni, da wanda ya fi kowa noma, da wanda ya ɓuya bayan suri yana shan fura. Tana magana ta miƙa hannu ta jawo ƙwaryar furar. Ban kalle ta ba, kada ta tuna tana fushi da duniya. Na dai ji ludayi yana karo da ƙasan ƙwarya.

Bayan kwana uku abokina, wanda ke cikin masu jan roƙon ruwa, ya shigo ya same mu kai da kai. Ya tsaya, ya kasa kunne, ya ɓata rai.

"Haba Alhaji! Mutane na kuka ga Allah, kai kana nan da ganga?"

Kafin in buɗe baki ta riga ni. "Ɗana, ganga anka hana. An hana tsohuwa jin sauro?"

Ya dubi ƙwaryar da babu komai a ciki, ya dube ta, ya zauna. Bai kai maganar gaba ba.

Ruwa bai zo ba a shekarar. Awakin ma daga baya sun tafi. Da biro nake juya kaset don batir ya daɗe, wuyana kuma ya riƙe saboda karkata kai kullum. Amma ta ci abinci, ta ga daminar da ta biyo baya, ta ci tumun sabon gero, kafin Allah ya karɓi abinsa.

Ba dabarata ba ce, rashin kuɗi ne ya zaɓa mini. Jikokina sun sha kawo mini masu toshe kunne daga Kano, nakan gode in ajiye. Tun daga farin nan ban sake sa abin da zai hana na kusa da ni jin abin da nake ji ba.