Ranar da Ruwa Ya Hana Mu Zuwa Gidan Zu

Ko zan manta da duk Sallolin da na yi a duniya, ba na jin zan manta da washegarin wata ƙaramar Sallah, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure.

Tun kafin watan azumi ya kama Baba ya yi mana alƙawari, ni da ƙanwata, cewa in na kai azumi goma zai kai mu yawon Sallah gidan zu a Kano. Na kai sha biyu. Ni kuwa bakina ba ya ajiye magana, babu ƙawar da ban cika wa baki ba cewa zan ga zaki ido da ido.

Ranar da safe mun ci kwalliya muna jiran Baba, sai maƙwabcinsa na gona ya yi sallama, ya ce an sako ruwan noman rani a ɓangarenmu, kuma da la'asar za a rufe. A wajenmu bi da bi ake ba da ruwa, wanda ranarsa ta wuce shi sai wani makon. Ga shi bai fi kwana huɗu da Baba ya dasa tumatir ba, 'yan ƙwadago kuma duk sun tafi Sallah. Ya daɗe tsaye a zaure, sannan ya shigo ya cire babbar rigarsa ya rataye. Ina ganin haka na fashe da kuka.

Inna ce ta ce tunda an yi shiri, a tafi gonar gaba ɗaya. Kowa ya yi mamaki, don rabonta da ganin gonar nan tun ba a haife ni ba. Ta juye shinkafa da miyar Sallah a kula, ta naɗe tabarma, muka kama hanya. Ni ce a baya, na cika na yi fam, na rantse a raina ba zan ƙara yi wa Baba magana ba.

Akwai wani tsohon mangwaro a bakin babbar hanyar ruwa, nan muka shimfiɗa tabarma. Ashe ba mu kaɗai ruwan ya ritsa da su ba. Kafin hantsi gida uku sun iso, mata da yara cikin sababbin atamfofi, wani ma har da rediyonsa. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Ruwa na tafiya a hankali, sararin sama kwance a cikinsa, balbelu suna sauka ɗaya bayan ɗaya a bayan shanun wasu Fulani da ke tsallake. Iska na kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ganyen albasa. Inna ta tsoma ƙafafunta masu lalle a ruwa, tana dariyar da ban taɓa jin ta yi a gida ba. Ban san lokacin da ƙanwata ta yi barci a cinyarta ba.

Ni dai ina zumɓure da baki, amma idona na kan Baba. Shi kaɗai yake ta kai da kawo da bututan roba lanƙwasassu da ake janyo ruwa da su daga kwata zuwa cikin kunya. Ya tayar da wannan, wancan ya mutu. Bayan azahar rabin gonar ne kawai ya sha, 'yan tumatir ɗin ɗaya rabin sun sunkuyar da kai kamar yaran da aka yi wa faɗa. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba. Ya ɗago ya dube ni, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Uwata, na karya alƙawari, ki yafe mini. Amma in kin taimaka mini, sai mu gama kafin a rufe."

Ban taɓa jin babban mutum ya nemi gafarar yaro ba. Kunya ta kama ni, na tattare zanen Sallata na shiga taɓo. Ya nuna mini yadda ake nutsar da bututun ya cika, a toshe bakinsa da tafin hannu, a ja shi da sauri a tsallakar da shi kan gaɓa, sannan a saki. Sau biyar ina yi iska ce kawai ke fita. A na shida na ji sanyi ya bugi tafina, ruwa ya ɓulɓulo, ya bi kunya yana sheƙi. Na yi tsalle, kai ka ce ni na ƙirƙiro ruwan. Daga nan ni ke tayarwa, shi yana buɗe hanya da fartanya. Ana kiran la'asar ruwa ya taɓa gindin tumatir na ƙarshe, jim kaɗan kwatar ta fara ja baya.

Muka zauna ƙarƙashin mangwaron muka ci shinkafar da ta huce, taɓo har gwiwa. Zanen nan bai ƙara komawa fes ba, ƙawayena kuwa sun yi wata guda suna tambayata lafiyar zaki.

Sai da na yi aure na je gidan zu. Na tarar da zakin yana barci, ya juya mana baya. Zuwa lokacin Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Yanzu duk washegarin Sallah gindin mangwaron nan nake kai 'ya'yana, kuma ba mu kaɗai ba, don wurin ya zama matattarar iyalai. Ranar ta koya mini cewa daɗin fita yana ga mutanen da ka zauna da su, kuma girma ba ya zubewa don an ce wa yaro yi haƙuri. Shi ya sa duk ranar da na saɓa wa 'ya'yana alƙawari nake durƙusawa in ba su haƙuri, kamar yadda Baba ya ba ni a cikin taɓo.