Sunan Inna a Jikin Injin Markaɗe

Ni dai ban nemi wannan aiki ba. Yaya Lawali ne ya ce Baba ya cika shekara shida da rasuwa, a sa wani abu a jarida, wai ni na fi kowa baki. Ni da na bar makaranta malamai suna hamdala.

Baba, Allah ya jiƙansa, mai buga suna ne a kan ƙarfe a Tudun Wada. Masu keke daga Bilbis, masu injin ban ruwa daga Bungudu, duk shi suke kawo wa, kada bakanike ya musanya musu kaya. Ba abin da ya tsana kamar kaushi. Cewa yake in ka cika hannu bakin harafi ya tashi, ka gina wa tsatsa ɗaki. In an gama sai ya shafa auduga; zare ɗaya ya maƙale, ka sha ranƙwashi ko ba kai ka buga ba.

Yanzu wai haske ke rubutun. Yaya ya gani a wurin aikinsa a Ikko, leza suke ce masa. Ka ƙara wuta ko ka rage gudu, ya ƙwaƙule ƙarfe ya bar kaushi. Ka sassauta, rubutu ya fito baƙi, sumul. Na san Baba. Zagin injin zai fara yi, sannan ya roƙi a bar shi ya taɓa.

Da sallah Yaya ya zo da sabon allon ƙarfe mai irin wannan rubutu, zai cire tsohon da ke jikin injin markaɗen Inna. Tsohon kam sai ka rantse ba aikin Baba ba ne, ya narka masa guduma, kaushi kamar magagari. Sunanta ne a kai, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba, “ke” yake cewa. Ya buga shi shekarar da idonta ya fara tafiya. Har yau ba na tada injin sai ta zo ta bi haruffan da yatsa.

Yaya ya sa mata sabon a hannu.

“Inna, ji santsi. Baba da kansa zai ce wanga ya fi.”

Ta shafa, ta juya bayansa ta shafa. “Ina rubutun?”

“Ga shi kina taɓawa.”

Ta miƙa masa abinsa. “To je ka kai ma mai ido. Ubanku ya san wadda ya rubuta ma.”